Ƙaramar Tarakta a Batsari da Safana: Za Ta Iya Gadon Shanun Huɗa?

Daga Wakilinmu

A farkon watan Mayu na shekarar 2025 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya kai ziyara Katsina, inda ya buɗe cibiyar injunan aikin gona wadda gwamnatin jihar ta kafa, aka kuma nuna masa manyan taraktoci 400 a jere. A daidai wannan tsakanin kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ba da sanarwar cewa ta tanadi ƙananan taraktoci na hannu guda 4,000, tare da injunan ban ruwa masu aiki da hasken rana su ma 4,000, domin a raba wa manoma. Manyan taraktocin ne suka cika hotunan jaridu kamar yadda aka saba, amma ga talakan da ke noma a Ƙananan Hukumomin Batsari da Safana, waɗannan ƙananan su ne abin magana, domin su ne ake sa ran za su taka gonarsa.

Jihar Katsina tana da mazaɓu 361. Idan aka raba 4,000 daidai wa daida, kowace mazaɓa za ta tashi da kimanin guda 11 ke nan. Adadin ba shi da yawa, amma ya isa a yi tambaya a kansa: wane aiki ne wannan ƙaramin inji zai iya, kuma damina nawa zai yi kafin a jingine shi a bayan rumbu?

Kafin a amsa, wajibi ne mai karatu ya san giɓin da injin ya zo cikewa. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 Turawan aikin gona suka fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, kuma gonar gwaji ta Daudawa da ke kudancin lardin Katsina tana daga cikin wuraren da wannan dabara ta yi saiwa. Sannu a hankali garmar nan mai suna Emcot ta bazu, maƙeranmu suka koyi ƙera irinta da sauya mata baki in ya cinye, har ya zamana bijimai biyu da garma da amalanke su ne jarin magidanci a yammacin Katsina. Da su yake huɗa, da su yake kai taki gona da rani, da su yake kwaso amfani da kaka, ya kuma yi wa maƙwabta ƙodago ya sami na cefane. Bayan shekara uku ko huɗu sai ya turke su, ya sayar da riba, ya sayi 'yan maruƙa ya sake horarwa.

Wannan tsari shi ɓarayin daji suka rusa. Tun kafin shekarar 2015 satar shanu ta yi ƙamari a ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu. Gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2017, ta sake yi a 2019, duka biyun kuwa ba su ɗore ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, sa'an nan a watan Afrilu na wannan shekarar aka kashe 47 a hare-haren da aka kai a yankunan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A cikin irin wannan hali bijimi a turke ya zama abin da ke jawo wa mai shi bala'i, saboda haka wanda ba a kore wa shanu ba sai ya sayar da su da hannunsa. Manoma da yawa a ƙasar Ruma da Runka da Wagini da Zakka suka koma ga fartanya da garmar hannu, watau inda kakanninsu suke tun kafin zuwan Turawa. Sulhun da al'ummomin waɗannan ƙananan hukumomi suka ƙulla a shekarar 2025 ya sa wasu sun yi ƙarfin halin komawa gonakinsu, amma sulhu ba ya mayar wa mutum da shanunsa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To, da wannan ma'auni ya kamata a auna ƙaramar tarakta. Duk wanda ya gwada ta da babbar tarakta ya zalunce ta. Tambayar da ta dace ita ce ko za ta iya ɗaukar aikin bijimai biyu.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da ƙaramar tarakta, domin sunan ya haɗa abubuwa dabam-dabam. Akwai ta hannu mai shan fetur, mai ƙarfin doki shida ko bakwai, wadda injinta kusan ɗaya yake da na famfon ban ruwa da manoman fadama suka saba da shi. Akwai ta hannu mai shan man gas, mai ƙarfin doki 10 zuwa 15, irin su Dongfeng da Sifang na ƙasar Sin da VST Shakti ta Indiya, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwanta biyu, ko ya zauna a kan tirelarta in ana jigila. Sa'an nan akwai ƙaramar mai ƙafa huɗu, mai ƙarfin doki 20 zuwa 35, wadda ake hawa kamar babbar. Babbar kuwa, irin su Massey Ferguson 375 da jama'a suka fi sani, ƙarfin doki 75 gare ta. Bambancin aikinsu kamar haka yake: kadadar da babbar tarakta za ta yi wa haro cikin awa ɗaya ko biyu, ta hannu mai man gas sai ta yini cur a kanta, mai fetur ɗin kuwa sai ta kwana tana yi. Duk da haka ta fi shanu juriya, domin bijimi ba ya wuce awa huɗu ko biyar yana jan garma kafin rana ta sa a kwance shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin kayan aikin da ake ɗaura mata. Galibin waɗannan injuna an ƙera su ne domin gonakin shinkafa na Asiya, saboda haka suna zuwa ne da wasu wuƙaƙe masu juyawa waɗanda ke niƙe ƙasa ta yi laushi kamar gari. A cikin laka wannan aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma mafi yawan gonakin Batsari da Safana jigawa ne, kuma jigawa ba ta bukatar niƙa, don da ma a sake take. In aka bi ta da waɗannan wuƙaƙe, ɗan abin da ke riƙe ta sai ya warware, iskar farkon damina ta kwashe samanta, ruwa mai ƙarfi kuma ya zo ya wanke sauran. Abin da manomin gero da dawa da gyaɗa da rogo da dankali yake so shi ne kunya. Huɗa ita ce noman wannan yanki: ita ke binne ciyawa da taki, ita ke tara danshi a gindin shuka, ita ke bai wa rogo da dankali wurin yin saiwa, bayan haka kuma akan sake shiga da garma a tayar da kunyar in shuka ta fara tasawa. Ƙaramar taraktar da ta iso Batsari ba tare da garmar huɗa ba, rabin aiki kawai ta zo yi, kuma rabin da ba a cika bukata ba.

Mai man gas tana iya jan garmar huɗa guda ɗaya a jigawa ba tare da wahala ba, muddin an ɗaura mata ƙafafun ƙarfe ko an ƙara wa tayoyinta nauyi, domin in ba haka ba sai su yi ta juyawa a cikin rairayi suna haƙa wa kansu rami. Mai fetur ba ta da nauyin da za ta yi wannan sosai. Kunyar da take yi ƙarama ce, ta fi dacewa da lambu. Wannan wuri ne da maƙeran Batsari da Dutsin-Ma da Katsina za su iya taka rawa, tun da wanda ya iya ƙera garmar shanu ba zai kasa gyara ta yadda za a maƙala wa inji ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilori sun daɗe suna irin wannan aiki, kuma bai kamata a ce sai an jira garma ta zo daga ƙasar Sin ba.

A fadama kam babu gardama. Wajen gyaran fangalin shinkafa, da kaftun lambun tumatir da albasa da tattasai da rani, a bakin rafi ko a yankin madatsar ruwa ta Zoɓe da ke kusa da Dutsin-Ma, tarakta ta hannu ta fi shanu, ta kuma fi babbar tarakta, wadda ba ta iya juyawa a ƙaramin fili kuma takan kafe a cikin taɓo.

Amma a ganin wannan marubuci, abin da zai raya wannan inji ko ya kashe shi ba a cikin gona yake ba, a kan hanya yake. Huɗa aikin mako uku ne ko huɗu a farkon damina, daga Yuni zuwa Yuli. Injin da zai yi aikin wata ɗaya ya kwanta wata goma sha ɗaya ba zai taɓa biyan kuɗinsa ba. Tirela ce ke cike sauran watannin. Mai man gas tana jan buhu takwas zuwa goma a kan hanya mai ƙarfi, ta kai taki gona, ta kwaso dammunan gero da buhunan rogo, ta yi jigilar ruwa da tubali da yashi, ta kai kaya kasuwa. Har ila yau ana iya ɗaura bel daga injinta a tayar da famfon ban ruwa, ko injin ɓarzar masara, ko na sussuka, ko na niƙa. Wanda aka bai wa inji ba tirela, an ba shi doki ne ba sirdi.

Akwai kuma aikin da bai kamata a sa ta ba ko kaɗan. Gonakin da aka gudu aka bari shekara huɗu ko biyar a gefen dajin Rugu sun zama saura, sabara da kalgo da geza sun mamaye su, saiwoyinsu sun yi zurfi. Ƙaramar tarakta in ta ci karo da kututture, ko dai wuƙaƙen su karye, ko haƙoran giya su zube, ko kuma hannuwan su yi tsalle su doki mai tuƙi a ƙirji. Irin wannan gona sai an yi mata sassabe da tono da gatari tukuna, sa'an nan babbar tarakta ta fasa ta a shekarar farko. Nan ne manyan nan 400 suke da amfani ga talakan Safana, in har za su iso gare shi a kan kari kuma a kan kuɗin da zai iya biya. Haka nan busasshiyar laka kafin saukar ruwa ta fi ƙarfin ƙaramar, ko mai ƙafa huɗun ce.

Sai kuma batun ƙarko. Injin kansa, musamman mai man gas mai silinda ɗaya, ba shi da wuyar sha'ani, kuma ɗan'uwansa ne ke aiki a gidajen niƙa na ƙauyukanmu shekara da shekaru. Abin da ke kashe shi sananne ne. Na farko ƙura: a jigawa injin yana tafiya ne a cikin ƙurar da shi kansa ya tayar, in kuwa ba a wanke matatar iska kullum ba, rairayi zai shiga ya cinye ringi da silinda cikin damina ɗaya, sai a ga yana hayaƙi yana shan baƙin mai. Na biyu baƙin man kansa, wanda ake so a juye bayan kimanin awa 100 na aiki, ba sai ya yi kauri kamar kwalta ba. Na uku gurɓataccen man da ake sayarwa a galan a bakin hanya, wanda ruwa da datti da ke cikinsa suke toshe nozul. Na huɗu ruwan sanyaya inji, domin yawancinsu tukunya ce a buɗe a samansu wadda ruwanta ke tafasa yana ƙonewa, in yaro ya manta bai ƙara ba sai kan injin ya tsage. Bel da wuƙaƙe kuwa kayan cinyewa ne, kuma rairayi yana cin ƙarfe fiye da laka nesa ba kusa ba. (A nan ya kamata a yi wa masu tuƙi gargaɗi: doguwar riga da rawani ba su da wuri kusa da bel mai juyawa, kuma tirela mai kaya ba ta tsayawa da wuri a gangara.)

Duk waɗannan ba wani abin tsoro ba ne in akwai makanike a kusa da kayan gyara a kanti. Ringi da nozul da bel ana samunsu, tun da irinsu ake sa wa injin niƙa. Wahalar tana ga akwatin giya da kuloci da ƙarfen da ke riƙe wuƙaƙe, domin kowane kamfani da irin nasa. In haƙorin giya guda ya karye a tsakiyar Yuni a Runka, aka ce sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, a can ma a ce sai an yi odarsa daga Legas, to daminar wannan manomi ta wuce, domin ruwan wannan yanki wata huɗu ne kawai kuma ba ya jiran kowa.

Dattawa sun ga irin wannan. A zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, an shigo da taraktoci masu ɗimbin yawa, har aka kafa masana'antar haɗa Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, kowace ma'aikatar gona kuma ta buɗe sashen ba da hayar tarakta. Ba a daɗe ba harabar waɗannan ofisoshi ta zama maƙabartar ƙarfe, ana cire kayan wannan ana gyara waccan har duka suka tsaya. Ba ƙarfin injin ne ya gaza ba. An sayo iri-iri daga ƙasashe dabam-dabam ba tare da kayan gyara ba, direban ma'aikacin albashi ne wanda ko ta yi aiki ko ta kwanta za a biya shi, kuɗin haya kuma ya shiga baitulmali bai dawo ya sayi ko da baƙin mai ba.

Ƙasar Bangaladash ta bi wata hanya dabam, kuma labarinta ya yi kama da namu ta wata fuska. Ambaliyar ruwa ta 1987 da ta 1988 ta hallaka shanun noma masu yawa a can. Gwamnatin Janar Ershad sai ta cire haraji da ƙa'idojin da suka hana shigo da ƙananan injuna masu araha daga ƙasar Sin, ta bar 'yan kasuwa suka shigo da su. Da injunan suka yi yawa, sai masu sayar da kayan gyara da makanikai da maƙera suka bi su har ƙauye, wanda ya sayi inji kuma ya riƙa yi wa maƙwabta aiki ana biyansa. A yau mafi yawan gonakin ƙasar da tarakta ta hannu ake nome su. Sai dai a lura, ƙasarsu laka ce, suna noma sau biyu ko uku a shekara, don haka injin ba ya zama. A nan gida kuwa, kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014 ya fara ne da sayar da ƙananan taraktoci masu ƙafa biyu, daga baya ya bar wannan ya koma haɗa manoma da masu manyan taraktoci ta wayar hannu. Wannan ma abin lura ne ga mai tsammanin ƙaramin inji zai karɓu a ko'ina don kawai yana da araha.

Darasin da ya shafe mu shi ne na mallaka. Injin da aka ce na ƙungiya ne, kowa na da iko da shi ranar huɗa amma ba mai shi ranar gyara, ba zai ga damina ta uku ba. Wanda zai daɗe shi ne wanda ke hannun mutum ɗaya, ko da matashi ne marar gona, wanda ya san cewa abincin gidansa yana cikin wannan inji, yana karɓar kuɗin huɗa da na jigila, yana ware na mai da na gyara. Hanyar da aka bi wajen zaɓen waɗanda suka amfana ita za ta nuna ko an yi la'akari da wannan, domin kayan rabo in ya faɗa hannun wanda ba ya bukatarsa, kasuwa yake nufa.

Ko da an yi dace da duk wannan, akwai abu biyu da inji ba zai gaji bijimi a kansu ba. Bijimi yana ba da taki, jigawar yammacin Katsina kuwa ba ta amfani sai da taki, ga shi na zamani ya yi tsada. Sa'an nan bijimi kullum daraja yake ƙarawa, inji kuwa daga ranar da aka tayar da shi yake raguwa. Abin da ya fi bijimi da shi a wannan zamani shi ne ba a kora shi cikin daji da dare, ba ya bukatar a fita da shi kiwo, ana kuma iya shigar da shi ɗaki a kulle.

Batun mai ma yana da nasa haɗari. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗinsa ya ninka sau da yawa, man gas kuwa da ma ba shi da tallafi. Bugu da ƙari, a shekarar 2021, cikin matakan tsaro da gwamnatin jihar ta ɗauka, an hana sayar da fetur a jarka, an hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da ke fama da rikici, ciki har da Batsari da Safana, an kuma katse layukan waya na wasu watanni. Dalilin hana jarka a fili yake, tun da da ita ake kai wa 'yan bindiga mai a daji. Amma tarakta ta hannu ba ta zuwa gidan mai da ƙafarta daga ƙauye mai nisa. A jarka ake kai mata. In har irin wannan doka ta sake tasowa, wajibi ne a tanadi wata shaida ta hannun masu unguwanni da dagatai, a ƙarƙashin Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, wadda za ta bambanta jarkar manomi da ta mai kai wa daji.

Gwamnatin jihar ta ce ta ɗauki malaman gona 722, watau biyu a kowace mazaɓa. Aiki mafi sauƙi kuma mafi amfani da za a ba waɗanda ke Batsari da Safana shi ne su bi injunan nan ɗaya bayan ɗaya da rani, su rubuta wanda ke aiki da wanda ya tsaya, da abin da ya tsayar da shi, da ko yana da garmar huɗa da tirela, da kuma ko har yanzu yana hannun wanda aka bai wa. Da wannan lissafi ne Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta jihar, watau KTARDA, za ta san irin kayan gyaran da za a ajiye a Batsari da Dutsin-Ma, da yawan makanikan babura da na injin niƙa da za a ƙara wa horo, tun kafin ruwan farko ya sauka a watan Yuni.